Farfesun Kifi Mai Madara: Girkin Mutanen Finlan da Kifin Tiga

A wannan fitowar filin girki zai leƙa can ƙuryar arewacin Turai, ya ɗauko wani farfesun kifi da mutanen Finlan ke kira lohikeitto, sannan mu dawo da shi gida mu ga yadda zai kaya da kifin da masunta ke fitowa da shi kullum safiya daga dam ɗin Tiga. A harshensu lohi shi ne kifin salmon, keitto kuma duk wani abinci mai romo da ake sha da cokali. Maƙwabtansu na Suwedan suna da irinsa, suna ce masa laxsoppa. Mutanen Norwe ma suna da nasu, kuma na birnin Bergen ya fi suna. Kayan haɗin ba su da yawa: kifi, dankalin Turawa, karas, wata doguwar albasa mai kama da lawashi, man shanu, kirim na madara, da wani ganye mai ƙamshi da suke kira dil. Babu tumatir, babu manja, babu jajjage.

Na san tun daga nan wasu sun yamutsa fuska. Kifi da madara a tukunya ɗaya? To bari mu fara da wannan, don in ba mu kawar da shi ba, babu mai ɗora tukunyar.

Tukuna, maganar kuturta

Da yawanmu mun taso muna jin cewa wanda ya ci kifi ya sha nono zai gamu da kuturta, wasu su ce albaras, wato fatar jiki ta yi fari dabbare-dabbare. Ba mu kaɗai ba ne da wannan magana, ana jin ta a Indiya da Pakistan da ƙasashen Larabawa. Har a Ingila an yi wani babban likita, Jonathan Hutchinson, da ya rubuta littafi guda a 1906 yana ƙoƙarin nuna cewa cin kifin da ya lalace ne ke kawo kuturta. Amma ga abin mamaki: a garin Bergen ɗin nan da ya yi suna da farfesun kifi mai madara, a nan ne likita Gerhard Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a 1873. A zamaninsa kutare sun yi yawa a gaɓar tekun Norwe, shi ya sa aka yi ta zargin kifi. Yau cutar ta ƙare a ƙasar, asibitin kutaren Bergen ya zama gidan tarihi, amma kifi da madara suna nan ana ta sha. Da abincin ne sila, da ba a ga ƙarshenta ba.

Kuturta ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar daɗewa ana cuɗanya da mai ita wanda bai fara shan magani ba, kuma tana warkewa. Maganinta kyauta ne, a nan Kano ma asibitin Yadakunya ya daɗe da wannan aiki. Shi kuma farin fatar, garkuwar jiki ce ke juyowa ta lalata ƙwayoyin da ke ba fata launi, babu ruwan kifi ko nono a ciki.

Amma akwai gaskiya guda biyu da bai kamata a binne su tare da camfin ba. Ta farko, akwai mutanen da cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikin madara, da sun sha sai kumburin ciki da gudawa. Wannan ya fi yawa a tsakanin waɗanda ba makiyaya ba, Fulani sun fi mu jure ta. Ta biyu, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar kifi, su yi ta ƙaiƙayi da borin jini. Wanda ya san yana cikin ɗayan biyun nan ya haƙura da girkin. Kuma kifi da madara duk abubuwa ne masu saurin lalacewa a zafi irin namu, don haka ina ganin da yawa daga cikin ciwon da kakanninmu suka gani bayan an haɗa su, daga lalacewar ne ya fito.

Wane kifi zai tsaya a madadin salmon?

Salmon kifin ruwan sanyi ne, ana haifarsa a kogi ya tafi teku ya girma ya dawo. Mafi yawan wanda ke kasuwar duniya yanzu na kiwo ne, kuma Norwe ce kan gaba wajen kiwonsa. In ma an same shi a manyan kantunan Kano ko Abuja, a daskare yake zuwa, kuɗin ƙulli ɗaya kuwa ya isa ɗalibi ya yi cefanen kwanaki. Ba shi ne hanya ba.

Mu kuwa Allah ya ba mu Tiga. An kammala dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano cikin ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birni. An gina shi ne don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2, shi ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Duk wanda ya fito daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya san kifin Tiga: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, kurungu, kawara da sauransu.

Abu uku ne suka sa salmon ya dace da wannan girki: yana da mai sosai, tsokarsa tana yankuwa gunduwa-gunduwa ba tare da ta dagargaje ba, kuma ƙayarsa kaɗan ce, ana iya zare ta. Launinsa mai ja-ja, wanda yake samu daga abin da yake ci, ado ne kawai. Da waɗannan ma'aunai uku za mu auna namu.

A ganina ragon ruwa ne na ɗaya. Tsokarsa fara ce mai daɗi, ba shi da ƙananan ƙayoyin nan da ke ɓuya cikin nama, kuma ƙarninsa bai kai na tarwaɗa ba. Giwan ruwa, in an dace da shi, ya yi, tsokarsa ta ma fi tsayawa a tukunya. Tarwaɗa ita ce ta fi kusa da salmon wajen mai, kuma ita ta fi sauƙin samu, sai dai tana son wanki na musamman. Karfasa tana yi in babba ce, amma man jikinta kaɗan ne ƙwarai, sai an ƙara man shanu, kuma da an yi sakaci ta narke. Kawara da tsage kuwa ku bar su wa suya. Ƙaya cikin farin romo ba a ganin ta, sai ta tsaya a maƙogwaro.

Kifin ruwan daɗi yana da wata matsala da salmon na teku ba ya yawan fama da ita, wato warin taɓo. Wasu ƙananan halittu da ke rayuwa a ruwa da laka ne ke fitar da wani sinadari mai suna jiyosmin. Shi ne ƙamshin nan da ake ji in ruwan farko ya sauka kan busasshiyar ƙasa. A hanci daɗi ne, a baki kuwa laka ne. Yana taruwa a kitse da fata da kuma baƙin naman da ke bin tsakiyar gefen kifi. A farfesunmu na gida attaruhu da citta da kimba suna rufe shi. Madara ba ta rufe komai, sai ma ta tona asiri. Don haka a wannan girki a cire fatar tarwaɗa, a yanke kitsen ciki, a kankare baƙin layin nan. A zuba mata ruwan zafi na ɗan lokaci yauƙin ya yi fari a goge, a cuɗa da gishiri da lemon tsami, sannan a ɗauraye sosai. Ku riƙe kalmar nan, sosai, za mu dawo kanta.

Wajen saye kuma ku duba ido, ya zama garau ba dishi-dishi ba. Ku ɗaga kumatu ku ga abin numfashinsa ja ne, ba ruwan toka ba. Ku danna tsoka da yatsa, in gurbin ya tsaya bai dawo ba, ku ajiye wa mai shi kayansa. Wanda zai taho da kifi daga Tiga zuwa makaranta ya sa a fasa cikin tun a can, ya zuba ƙanƙara a kula. Tafiyar awa biyu cikin but ɗin mota da rana ta isa ta gama da shi.

Madara

Nan ne ainihin darasin, kuma 'yan sashen kimiyyar abinci za su gane cewa abin da muke rubutawa a jarabawa ne ya sauko tukunya. Furotin mafi yawa a madara shi ne kesin. Muddin madara ba ta yi tsami ba, ƙwayoyinsa suna yawo a warwatse. Da tsami ya ƙaru, ma'aunin pH ya sauko wajen 4.6, sai su manne da juna su rabu da ruwa. Haka ake samun kindirmo. Zafi mai yawa da gishiri suna hanzarta abin. In ya faru a farfesu sai ku ga romo ya tsinke, fararen gudaji suna yawo a ruwa tsararo. Ba guba ba ne, amma babu wanda zai so a miƙo masa.

Turawa suna kauce wa wannan da kirim, wato man da ke tasowa saman madara, wanda maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin 100 ko fiye. Furotin ɗinsa kaɗan ne, man kuma yana shiga tsakani, don haka yana jure tafasa. Madarar shanu zalla maiƙonta wajen kashi 4 ne, ba ta da wannan kariya. To mu da me za mu yi?

Mafi sauƙi shi ne madarar gwangwani ta ruwa, irin ta shayi, mara sukari. An riga an ƙone fiye da rabin ruwanta an kuma dafa ta da zafi mai tsanani a masana'anta, shi ya sa take da kauri kuma ba ta saurin tsinkewa. Ku karanta jikin gwangwanin fa, kada ku ɗauko mai kauri mai zaƙin nan, in ba haka ba alawar kifi za ku yi. Madarar gari mai cikakken mai ita ma tana yi, a dama cokali 6 a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Wanda ke kusa da ruga, kamar 'yan Doguwa da Tudun Wada da ke maƙwabtaka da dajin Falgore, zai iya samun sabuwar madarar shanu. Dole a tafasa ta ita kaɗai tukuna, saboda ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale. In ta huce ta kwana a wuri mai sanyi, a yaɗe saman da cokali, wannan shi ne kirim ɗinku na gida.

Kindirmo da nono kuwa ba sa shiga tukunyar nan, sun riga sun yi tsami, da sun ji wuta za su kece. Wanda ke son ɗan tsami-tsamin ya sa cokali ɗaya a kwanonsa bayan an sauke. Dalilin da ya sa babu tumatir ke nan, kuma dalilin da ya sa na ce a ɗauraye lemon tsami sosai.

Akwai mai gadi na biyu a tukunyar, shi ne dankali. Sitacin da yake saki yana ƙara wa romo kauri, yana kuma hana furotin haɗuwa. Saboda haka kada ku jiƙa yankakken dankali a ruwa kamar za a soya, sitacin da kuke zubarwa shi muke nema.

Girkin kansa

Wannan awon na mutum huɗu ne. Kifi ɗanye kilo 1 da kansa da ƙashinsa, wanda zai ba ku tsoka wajen rabin kilo. Dankalin Turawa matsakaita 5. Karas 2. Albasa babba 1 da lawashi damƙi guda, su biyun za su tsaya a madadin doguwar albasar Turawa. Man shanu cokali 2. Madarar ruwa ƙaramin gwangwani 2. Masoro, kanumfari ƙwaya 2, ganyen bay 1, gishiri. Mutanen Finlan suna sa wani ɗan yaji mai zagaye da ƙamshinsa ya haɗa na kanumfari da kirfa da gyaɗar ƙamshi, shi ya sa na kawo kanumfari da masoro. Ƙwaya 2 na ce, kanumfari ba ya son a sake masa.

Ku fara da fere tsokar daga ƙashi. A kwantar da kifi, a tsaga bayan kai, a bi da wuƙa mai kaifi a kan ƙashin baya har wutsiya, a juya a yi wa ɗaya gefen. In hannu bai saba ba, masu sayar da kifi suna yi in an roƙe su. A yanka tsokar manya-manya, kamar girman akwatin ashana, a barbaɗa gishiri kaɗan a rufe a ajiye wuri mai sanyi.

Kai da ƙashi su ne romo. A cire jan abin numfashin da ke cikin kai, yana sa ɗaci, a wanke jinin da ke manne da ƙashin baya. A zuba su a ruwan sanyi lita 1 da kofi ɗaya, da rabin albasa, ganyen bay, kanumfari da masoro ƙwaya kaɗan. In ya fara tafasa a rage wuta a kwashe kumfa. Minti 20 zuwa 25 ya isa. Wannan ba ƙashin saniya ba ne da ake bari awa uku, ƙashin kifi yana sakin abin da ke cikinsa da wuri, in ya daɗe sai romo ya yi duhu ya canza ɗanɗano. A tace da rariya mai laushi. Naman da ke kumatun kan, wannan ladan mai girki ne.

A wanke tukunyar a narka man shanu a wuta kaɗan. In man shanun Fulani ne ɗanye, a soya shi da 'yar albasa tukuna kamar yadda ake yi na tuwo, don ƙarninsa ya fita. A zuba sauran albasa da farin gindin lawashi, a juya minti 4 zuwa 5 har su yi laushi. Kada su yi ja. Mun saba da soya albasa har ta soyu, amma a nan launin zai ɓata farin romon. A zuba karas da dankali da aka yanka kamar girman ƙwallon dabino, a juye romo, a sa gishiri, a dafa minti 12 zuwa 15 har cokali mai yatsu ya shiga dankalin ba gardama. A murƙushe gunduwa uku ko huɗu a jikin tukunya da bayan ludayi don romo ya kama jikinsa.

Yanzu a rage wuta ƙasa ƙwarai. A ɗebi ludayi ɗaya na romo mai zafi a zuba cikin madarar a kwano, a juya, sannan a mayar duka cikin tukunya. Wannan yana sa madara ta saba da zafin a hankali. Daga nan har a sauke, babu sauran tafasa. Abin da ake so shi ne ƙananan kumfa a gefen tukunya da tururi yana tashi. A jera kifin a ciki, a rufe, a bar shi minti 5. Tsokar kifi tana nuna ne in cikinta ya kai digiri 63 a ma'aunin Salshiyas, ƙasa da tafasar ruwa nesa ba kusa ba. Alamarta ita ce ta yi fari har ciki, ta rabu sala-sala in an taɓa. Kifin ruwan daɗi yana iya ɗauke da tsutsotsi, don haka a fasa gunduwa mafi girma a duba, kada a bar tsakiya ɗanye. Kuma a daina juyawa da ludayi, in ya zama dole a ɗan girgiza tukunyar.

Masu risho da murhun gawayi, ku da wutarku ba ta jin magana, ga dabara: da kun zuba kifi ya fara kumfa a gefe, ku sauke tukunyar gaba ɗaya, ku rufe ta ruf, ku bar ta minti 8 zuwa 10. Zafin romon kaɗai zai ƙarasa aikin, kuma madara ba za ta tsinke ba.

A ƙarshe a watsa koren lawashi da aka yanka ƙanana, a daka masoro a barbaɗa, a ɗanɗana gishiri. Ganyen dil ba kasafai ake ganinsa a kasuwanninmu ba, kuma gaskiya babu abin da ke ba da ƙamshinsa sak. Fasili yana yi in an samu a 'Yankaba. Ɗoɗɗoya tana kai girkin wani waje daban, mai daɗi, amma ganye 3 ko 4 kawai. A can da baƙin burodi mai tsami-tsami da man shanu suke sha. A nan gurasa ta fi burodin leda dacewa, don shi zaƙinsa ya yi yawa.

To yaji fa?

Na san tambayar da ke bakin kowa ke nan. Ra'ayina shi ne a karon farko ku yi shi yadda yake, don ku san ɗanɗanon da ake nufi. Bayan nan, attaruhu ɗaya a jefa shi ɗungurungum ba tare da an fasa ba lokacin dafa dankali, a tsame kafin a sa madara. Ƙamshin zai shiga, zafin ya tsaya daidai. In aka jajjaga aka zuba, an koma farfesun gida da aka ɓata da madara, gara a yi na gidan kawai. Dunƙulen ɗanɗano kuma, in romon ƙashin ya yi kyau ba a buƙatarsa, in an matsa rabin ɗaya ya isa.

Wanda bai samu ɗanyen kifi ba zai iya gwadawa da bandar tarwaɗa mai kyau. Mutanen Sikotilan suna da irin wannan farfesu da kyafaffen kifi da dankali da madara. A jiƙa banda a ruwan zafi, a ɓare, a tsince ƙaya, a zuba tare da dankali tunda ita ta riga ta nuna. A kula da inda aka sayo ta, saboda akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari. In kun ji wari kamar na fiya-fiya, ku bar shi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan girki shi ne hunturu, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da iskar bakin dam ke shiga har ƙashi kuma ake tsakiyar karatun dare. Mutum huɗu su yi karo-karo, ga kifi ga dankali ga madara a kwano ɗaya, ya fi a kwana a kan taliyar leda. Sai dai ba abincin ajiya ba ne. In ya wuce awa 2 a ɗaki ba wuta ba firji, ƙwayoyin cuta sun fara aiki, kuma dabarar nan tamu ta ɗumame da safe ba ta yi masa, don tafasa ta biyu tana tsinka madara ta dagargaza kifi. A dafa iya wanda za a shanye.

Ga 'yan ajin ƙarshe irina da ke tunanin abin yi bayan difloma, musamman 'yan sashen kula da otal da abinci, ana iya dafa gindin farfesun, wato romo da dankali da karas, a ajiye shi da zafi a kula. In mai saye ya zo sai a ɗebi kwano ɗaya a ƙaramar tukunya, a sa madara da kifi, cikin minti 6 ya fito sabo. Haka asarar ke raguwa, tunda abu biyu masu tsada da saurin lalacewa ba sa shiga sai an biya. A allon farashi kuma a rubuta abin da ke cikin tukunyar, farfesun ragon ruwan Tiga mai madara, kada a rubuta salmon.